Tatsuniyar Rana a Aji Uku

Kwanakin baya na kai rediyon maigidana gyara a bakin Kasuwar Kurmi. Ina tsaye ina jira, sai mai shagon ya jawo wata tsohuwar rakoda daga ƙarƙashin tebur, irin mai manyan madannan nan kamar haƙoran jaki, ya danna ɗaya. Ƙas! Ko tari ba ta yi ba, don ta daɗe da mutuwa. Amma ni wannan ƙarar kaɗai ta ishe ni. Nan take na ga kaina a aji uku, zaune a ƙasa, na ƙura wa wata rakoda irinta ido, ina jira kakata ta yi magana daga ciki.

Abin ya faru ne a shekarar da soja suka fara mayar da mulki hannun farar hula. In ba ka ga lokacin ba, ka ƙaddara kowane zaure a cikin birni an lulluɓe bangonsa da hotunan 'yan takara, motoci masu lasifika kuma suna tsayawa a bakin titi suna ta kwarmato, tunda lungunanmu ba sa shiguwa. Kafin nan an yi shelar kowane yaro ya shiga makarantar boko kyauta, aka kuwa kwashe mu kaf. Ajinmu cike yake maƙil. Na gaba gwiwarsa na gogar bangon allo, na baya kuwa sai ya miƙe tsaye yake hango abin da aka rubuta. Malamin ajin Baffana ne, ƙanen mahaifina, autan Kaka. Dogo ne siriri, aljihunsa kullum fari fat da alli, muryarsa kullum a dishe. A gida Baffa, a makaranta Malam, kuma zamanmu gida ɗaya bai taɓa sa ya rage mini ko bulala ɗaya ba.

Wani hutu aka tura shi kwas na malamai, ya dawo da rakoda a rataye, ya ce aro aka ba makarantarmu don koyarwa. Kaset-kaset ɗin da aka haɗo ta da su na Turanci ne, wata mata ce take magana ta hanci, tana tambayar wani yaro ina ƙwallonsa. Da farko mun yi tsit don mamaki. Daga baya muka koma kwaikwayonta. Kafin a je ko'ina rabin ajin gyangyaɗi yake yi. Da wani malamin ne, da ya kulle ta a kabad ya ce yaran ne ba su da kai. Baffa ba haka yake ba. Ya lura akwai wani jan madanni na ɗaukar magana da ba a taɓa dannawa ba. Ya kuma lura cewa mu ɗin nan masu barci a gaban Baturiya, da an idar da sallar isha'i muke rige-rigen zama a tabarmar Kaka don jin tatsuniya, ba mai ko ƙifta ido.

Kaka turaren wuta take haɗawa ta sayar. Ɗakinta har yau in na rufe ido ina jin ƙamshinsa, kajiji da farce da garwashin da bai gama mutuwa ba. Da ƙafarta take zuwa Kurmi ta zaɓo kayan haɗi, ba ta yarda ta aiki kowa, ta ce hancin yaran yanzu a toshe yake. Ta san lungunan kasuwar fiye da masu rumfunan. Tatsuniya kuwa, duk unguwarmu babu na biyunta. In ta yi muryar kura sai ka waiwaya bayanka.

Baffa ya same ta da yamma tana kaɗa turare, ya durƙusa ya yi mata bayani. Zai ɗauki tatsuniyarta a kaset, ya riƙa sa wa 'yan aji, ya koya musu karatu da ita. Ta tambaye shi wane lokaci suke shiga ajin. Ya ce da safe. Sai ta ajiye ludayin.

"Da rana tsaka ke nan, Auta? So kake in ɓata a kasuwa?"

Ka san dai yadda aka taso da mu: ba a tatsuniya da rana, wanda ya yi zai ɓata a kasuwa. In ya zama dole, sai an ɗaure gizo, kowane gida kuma da yadda suke ɗaure nasu. A namu bakin ɗankwali ake ƙullewa. Baffa ya yi murmushi, ya ce, "Inna, ai ke da daddare za ki yi abarki. Rakoda ce za ta maimaita da rana."

"In rakoda ta ɓata gwamnati ta sayo wata. Muryar wa ke ciki?"

Ya ce mata camfi ne. Ta ce ta riga shi sani, ta san Allah ne mai ɓatarwa da shiryarwa, amma gabanta bai san haka ba, faɗuwa yake yi. Ranar muka ji abin da ba mu taɓa ji ba. Ashe tana ƙarama ta taɓa yi wa ƙawayenta tatsuniya da hantsi ba ta ɗaure komai ba, a kwanakin kuma aka aike ta Kurmi ta ɓata, tun safe tana yawo tana kuka, sai gab da magariba wata dillaliya ta tsince ta. Ta tsufa, ta aurar da 'ya'ya, ta ga jikoki, amma wannan yinin bai bar ta ba. Baffa ya ɗauki rakodarsa ya fita, ya ci gaba da fama da mu da disasshiyar muryarsa.

Abin da ya juya ta kuwa ni ce, ba tare da na sani ba. A shekarar aka ce mata ma su fito su jefa ƙuri'a, Kaka kuma ta ɗauki abin da muhimmanci. Wata rana da damina muna dawowa daga unguwa, muka fake wa yayyafi a zaurenmu, ta nuna mini wata takarda da aka manna a bango, ta ce in karanta mata abin da ke ƙarƙashin hoton. Na dubi baƙaƙen, suka dube ni. Na ce mata hoton wani mutum ne da hula. Ta ce hular kam ita ma ta gani. Ba ta yi mini faɗa ba, ta dai daɗe tana kallona, sannan ta tambaya ko 'yan ajinmu duk haka suke. Na ce da yawa. Da aka yi isha'i ta leƙa ta kira Baffa, ta ce, "Kawo akwatin naka."

Kafin ya danna jan madannin sai da ta yago bakin wani tsohon ɗankwalinta, ta ɗaure a mariƙin rakodar, ta ƙulle tamau, ta ce kada wanda ya kuskura ya kwance. Sannan ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Muka amsa, "Ta zo mu ji ta." Da aka gama Baffa ya mayar da kaset baya ya kunna mata. Ta saurara, ta yamutsa fuska, ta ce, "Wace tsohuwa ce wannan mai surutu haka?" Har kukan akuyarmu da tarin babana duk sun shiga ciki.

Yanzu sai ka ji dabarar Baffa, wadda har gobe ina sara masa a kanta. Yakan kunna tatsuniyar, mu nutsu, sai an zo daidai inda kura ta leƙa rijiya, inda kowa ya riƙe numfashi, sai ka ji ƙas! Ya tsayar. Ya juya ya rubuta abin da ya biyo baya a allo da manyan baƙaƙe, ya koma gefe ya harɗe hannu. Mai son jin abin da ya sami kura, ga shi can, ya karanta. Mu yi ta magiya, ko a jikinsa. Ni da na san ƙarshen labarin tun daga gida, ya riga ya ja mini kunne cewa in na buɗe baki sai na yaba wa aya zaƙinta. Haka muka dinga haɗa baki da wasali kamar masu tsintar tsaba, wannan ya kawo "ku", wancan ya kawo "ra", har ajin ya ɗauka gaba ɗaya. Sai ya kunna, Kaka ta faɗi daidai abin da muka karanto. Ihun da muke yi har hedimasta sai da ya leƙo. Kalmar farko da na karanta da kaina a duniya ita ce "rijiya".

Batir ne matsalarmu. In ya yi sanyi muryar Kaka takan koma ta wani ƙaton namiji mai jin barci, sai a jera batiran a rana a bakin taga. Mayar da kaset baya kuwa da biro ake yi, a zura a ramin a yi ta juyawa, don kada a ci wuta a banza. Baffa bai taɓa gaya wa kowa muryar wace ce ba, kunya ba za ta bar shi ba. Ni ce na bi aji ina shelar cewa kakata ce, mahaifiyar Malam. Ba a daɗe ba malaman wasu makarantu, daga Sheshe har Dala, suka fara zuwa aron kaset ɗin, Baffa kuma ba ya hanawa, har zama yake ya nuna musu wuraren da ake tsayarwa. Wasu suka kai wa masu kaset a kasuwa aka kwafa musu. Da labari ya kai wa Kaka sai ta ce, "To shi ke nan, muryar ta riga ni isa kasuwar."

Dariya muka yi, amma ita da gaske take. Tun daga ranar da aka ɗauki muryarta ba ta ƙara shiga Kurmi ita kaɗai ba. Ni take ja, ta damƙe wuyan hannuna har sai yatsunta sun fito a jikina, matar da ta san kasuwar tun ba a haifi babana ba. A lokacin haushi nake ji. Sai da na girma na gane cewa kullum Baffa ya danna madannin nan a aji, ita a gida gabanta faɗuwa yake, kuma ba ta taɓa cewa a dawo mata da kaset ɗinta ba.

Shekaru suka tura. Aka karɓe rakodar, ƙullin ɗankwalin Kaka kaɗai ya rage a hannuna, soja suka sake dawowa, ni ma na shiga kwalejin malamai. Tsufa ya kama Kaka sosai, ta fara kiran mu da sunayen mutanen da suka daɗe da rasuwa. Wata safiya da bazara, ina gida hutu, aka leƙa ɗakinta ba ta nan, ba mayafinta, ba takalmanta. Muka bazama gidajen 'yan uwa da na maƙwabta, aka faɗa a masallatai. Baffa ya baro makaranta da alli a hannu. Ba wanda ya furta abin da ke ransa, amma na ga fuskarsa, na san maganar da yake tunawa. Rana ta take, aka yi azahar, shiru.

Ana shirin la'asar sai ga sallama a zaure. Wani matashi ne baduku, hannunsa duk rinin fata, ya riƙo Kaka a hankali, ya ɗaga mata lema. Ya gaida Baffa a durƙushe, ya ce ɗalibinsa ne na aji uku. Ya ce yana cikin aiki a rumfarsu a Kurmi ya ji wata tsohuwa tana tambayar hanyar gidan babanta, tana kiran sunan da ba wanda ya sani, mutane suna ta ce mata Allah ya sawwaƙe. Bai taɓa ganin fuskarta ba, amma muryar ta tsaya masa a rai. Ya fito ya ba ta ruwa, ya tambaye ta sunan unguwarsu, ta kasa. Sai ya matso kusa da kunnenta ya ce, "Iya, ta zo mu ji ta." Ta dube shi, ta gyara zama a kan bencinsa, ta kama labarin kura da rijiya tiryan-tiryan. Ya ce nan ya tabbata mahaifiyar Malam ce, bai bari ta kai ƙarshe ba ya rufe rumfa ya kawo ta.

Baffa ya zauna a dakalin zaure ya rufe fuska da hularsa. Ban taɓa ganin yana kuka ba sai ranar. Kaka ta dube shi, hankalinta ya ɗan dawo kamar yadda yakan yi jefi-jefi, ta ce, "Ban gaya maka ba, Auta?"

Ya ce, "Kin gaya mini, Inna."

Yau su biyun duk sun kwanta dama, Allah ya jiƙansu. Ni ce nake riƙe da aji yanzu, kuma abin da Baffa ya yi wa tattali da batir a rana, yau yana cikin wayar kowane malami. Ana kiran mu bita a nuna mana darussa a intanet, da hotuna masu motsi, da manhajar da ke karanta wa yaro rubutu. Ina zuwa, ina koyo, ban raina ko ɗaya ba, don na ga abin da na'ura ɗaya ta yi a hannun malamin da ya san yaransa. Amma in na dawo aji, muryata nake ɗauka a waya, in yi musu tatsuniya, in tsayar daidai bakin rijiya, in juya ga allo. Yaran yanzu ba su ma san ana ɓata a kasuwa ba. Sukan tambaye ni wannan tsumman da ke ƙulle a jakar wayata na mene ne, in ce musu na wata malama ce da ba ta taɓa shiga aji ba. Ran nan da na karɓi rediyon maigidana, ban juya gida kai tsaye ba. Na kutsa cikin Kurmi ni kaɗai, har layin dukawa, ina tafe ina shafa wuyan hannuna.