Rijiyar da Baba Ya Kai Kotu

Gonar Babana da ta ƙaninsa, wanda muke kira Baffa, suna jere a bayan garinmu Gafasa, layin gamba ne kawai ya raba su. Shekarar da matar Baffa ta rasu, sai ya yanki gefen gonarsa ya ce a haƙa rijiyar burtsatse, ladan ya je mata. A lokacin matan unguwarmu sai sun sha tafiya kafin su cika tulu ɗaya.

Kuskurensa ɗaya ne, bai fara zuwa zauren yayansa da maganar ba. A masallaci Baba ya ji, tare da kowa. Ya dawo gida ko tuwo bai taɓa ba.

"Ina raye, a ce a bakin liman zan ji?"

Wani lauya a Gaya ne ya nuna masa hanya. Ya ce kai ƙarar ɗan'uwa abin kunya ne, amma in aka shigar da ƙarar da sunan jama'a, aka ce wurin burtali ne, ba mai zarginsa. Burtali kuwa, rabon da saniya ta bi ta nan tun kafin a haife ni. Ni na rubuta sunayen masu ƙara, don ni ne malamin firamare mai kyan rubutu. Lokacin rabon taki ne, mutane suka yi ta dangwala yatsa suna zaton layin taki suke shiga. Na sani, na yi shiru. Shirun nan har yau yana ci mini rai.

Kotu ta ce a dakata, masu haƙa suka kwashe injinsu. Damina uku muna zarya Gaya, a kira shari'a, a ɗage. Wani lokaci Baba da Baffa kujera ɗaya suke zama a mota. Baffa ya ce, "Yaya, ina kwana," Baba ya amsa yana kallon taga.

Baffa ya rasu da bazara, ba a yanke hukunci ba. Tun hantsi jama'a suka cika ƙofar gida, rana tana dukansu, ba a fito da gawa ba. Baba ya gaji, ya kira ni ya tambayi abin da ake jira.

Na ce, "Ruwan wanka, Baba. An tafi ɗebowa, ba su dawo ba."

Ya zauna a ƙasa, ba tabarma, muka ci gaba da jira.