Amsar da Na Hana Habibu

Ku masu boko, ku cinka mini: wane mai gadi ne baƙuwa na taɓa ƙofa, tun ba ta cire takalmi ba ya tayar da gida duka?

Ranar Talata bayan azahar ina tsintar shinkafa, sai ga ɗana Sani daga kasuwar Katako, ba lokacin tashinsa ba. Ya tsaya a zaure ya yi sallama. Na ajiye faifan, ya shigo da labarin rasuwa. Habibu ne, ɗansa na fari. Zazzaɓin kwana huɗu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Habibu malami ne a jami'a, can Titin Bauchi. Duk Juma'a in an sauko sai ya biyo unguwarmu Gangare da ledar lemo, ni kuwa in tare shi: "Angona, ƙato da kai, ka rasa abin bincike sai sinadarin jikin mata?"

"Hajiya, istirojin sunansa, mu ma maza muna da ɗan namu." Sai ya zauna a tabarma ya jera murafan kwano. "Ɗauki ƙwayar halitta kamar gidan nan. Wani saƙon na istirojin sai ya kai ƙuryar ɗaki, a yi awoyi kafin a ga aikinsa. Wani kuwa a bakin ƙofa ake karɓarsa, nan take gida ya motsa, har jijiyar jini ta saki." Daga nan ya jefo mini waccan tambaya ta mai gadi.

In ce, "Kare." Wata Juma'ar in ce, "Maƙwabciyata mai gulma." Ya yi dariya har ya cire tabarau. "In ba ki gane ba, ni ne ban iya bayani ba. Sati mai zuwa mu sake."

Tun Juma'a ta biyu na gane. Tsoro na ji, kada in ba da amsa darasi ya ƙare, zuwan ma ya ƙare. Shekara uku ina wauta da gangan. Ya tafi yana zaton ya kasa koyar da kakarsa.

Jiya Juma'a. Na shimfiɗa tabarma, na jera murafan. Har aka kira la'asar ba wanda ya yi sallama.

Allah Ya jiƙan Habibu, Ya yalwata kabarinsa, Ya ba iyayensa da matarsa haƙuri, Ya raya 'yar da ya bari. Ni kuma Ya yafe mini.

Angona, ga amsarka: mai karɓar istirojin ne, wanda ke zaune a jikin bangon ƙwayar halitta.