Takalmin Gudun Yayana

Ana jibi tseren famfalaki cikina ya lalace. Ba wani abu na ci ba, tsoro ne tsagwaronsa. In hau keken ɗinki, in sauka in nufi bayi, in dawo in ɓata wuyan rigar mutane. Maƙwabcina a unguwar Makera, wani ɗan Filato mai gyaran rediyo, ya leƙo shago ya ce, "Oga tela, ba a busa usur ba har ka fara gudun?" Na ce ya fita idona in rufe.

Ni fa ba ɗan gudu ba ne, ƙato ne mai tumbi. Yayana ne ɗan gudu, dogo siriri, har Jos da Legas yake zuwa tsere. Yana atisaye a hanyar Rido tankar mai ta bi ta kansa, ya rasu. Da aka zo rabon kayansa, takalminsa na gudu, wani shuɗi, ya faɗo hannuna don babu mai so. Ya yi mini yawa, sai na cusa auduga ta wajen yatsu. A ranar na ƙudurta sai na gama masa tseren da yake shiri bai samu yi ba.

Wata da watanni ina fita bayan sallar asuba, in miƙa unguwar Romi, wata rana har Narayi, ina haki kamar tsohon babur. A hankali ƙafata ta saba da takalmin. Duk mai gudu ya san ba a shiga tsere da baƙon takalmi, kafin rabin hanya ƙafa za ta yi bororo ta fashe. Aibin na Yaya ɗaya, na hagun in ya taka simintin zaure sai ya ce ƙiiit. Haka yake yi tun Yaya na da rai.

Mama ba ta taɓa cewa in bari ba. Gara ma ta ce. Yaya ɗan farinta ne, saboda kunya ba ta taɓa kiran sunansa ba, balle ta je kallon gudunsa. Ni kuwa bakinta a sake yake a kaina. In na dawo jiƙe da gumi, sai ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Sannu, ingarma. Yau ma ba a ɗauko ka a amalanke ba?" Wallahi yana yi mini ciwo, amma sai in yi dariya.

Ana gobe tsere na wanke takalmin tas, na mai da audugar, na ɗora shi a katanga ya sha iska. Na maƙala lamba a riga. Na tura shinkafa da ƙyar, don an ce ita ake ci. Sannan na je na durƙusa gaban Mama tana tsintar wake.

"Mama, gobe ne. A sa mini albarka."

"Allah ya tsare," ta ce, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Da asuba na dawo daga masallaci, na nufi katanga. Babu takalmi. Sai dunƙulen auduga biyu, an jera su, an danne da dutse kada iska ta ɗauke.

Na faɗa ɗakinta ko sallama babu. Tana kan darduma.

"Mama, ina takalmina?"

"Takalminka? Naka ai na ajiye maka a katanga. Na wancan yaron kuwa na yi masa sadaka da shi. Mai kawo mana ruwa na ba, jiya ya tafi garinsu noma."

"Haba Mama! Yau? Duk watannin nan sai yau? Saboda shi fa nake yi!"

Ta ci gaba da jan carbi, ta ce, "Na gaji. Kullum da asuba sai in ji tafiyarsa a zaure, gabana ya faɗi, in ɗaga labule, in ga kai ne."

Na je tseren da takalmin kambas na mai gyaran rediyo. Ko gadar da ke kan hanyar tseren ban kai ba jini ya cika safata, motar kwasar gajiyayyu ta ɗauke ni. Da azahar na dawo gida, kambas a hannu. Na ratsa zaure ƙafa ba takalmi, ba ƙara ko kaɗan. Labulenta bai motsa ba.