Ranar da Aka Bar Mai Famfo Ya Ƙarasa Magana

Da in'ina Mai Famfo ya tashi. Tun yana aji biyu, in malami ya tashe shi karatu, kafin ya fita daga kalmar farko 'yan aji sun kwanta da dariya. Sai ya koyi kame bakinsa. Da ya girma ya kama gyaran famfo, sana'ar da ba ta neman surutu, ya kuwa ƙware har ya zama in ya kara kunne a bango yakan gane inda ruwa ke yoyo.

Allah ya haɗa shi da mace mai baki, wadda shi kansa yake kira Rediyo. In ya fara magana ita ke ƙarasa masa, ko da ba can ya nufa ba. Ya taɓa cewa, "Miƙo min s-s..." sai ga ta da sabulu, alhali sifana yake nema. Ya karɓa ya wanke hannu, don a zauna lafiya.

Shekara ashirin suka yi a gidan haya mai ɗaki goma sha huɗu, da famfo ɗaya da bishiyar mangwaro a tsakar gida. A ɗakin ƙarshe, kusa da kwata, akwai wani baƙo mai gyaran takalma da matarsa da 'ya'yansu mata uku. Daga nesa suka zo, harshen garin bai zauna a bakinsu ba, gaisuwa kawai suke haɗawa da kowa.

Wata shekara kwatar ta toshe, wari ya cika gida. Nan da nan aka ce ai baƙin nan ne, wa ya san abin da suke zubawa. Shugaban 'yan haya, wani tsohon malamin makaranta mai son tsari, ya tara mutane ƙarƙashin mangwaron da safiyar Asabar. Ya zo da takarda a rubuce, ta neman mai gida ya tashe su. Baƙon yana tsaye a gefe, hula a hannu, ya dai gane da shi ake.

Mai Famfo ya ɗaga hannu.

"Malam, mu fa muna da wurin zuwa," in ji wani direba. "In ya fara sai gobe."

Rediyo ta buɗe baki za ta taya mijinta, sai Gwaggo, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a gidan, ta buga sandarta a ƙasa.

"Ke, 'yar nan, rufe tashar. Kai kuma direba, motarka ba ta da ƙafa. Za ku kori mutum biyar, ku kasa jiran mutum ɗaya? Yi maganarka, ɗana."

Ya fara. Kalmar bututu kaɗai sai da ya yi mata hawa uku. Ba wanda ya yi dariya, don Gwaggo na bin fuskoki da ido. A hankali zancen ya fito: ya zura ƙarfe a kwatar shekaranjiya, ba shara a ciki ko kaɗan. Saiwa ce ta fasa bututun ta cika shi.

"Saiwar me?" Shugaba ya tambaya.

Mai Famfo ya ɗaga kai ya dubi ganyen da ke yi musu inuwa.

"Wa ma ya shuka mangwaron nan?" in ji Gwaggo tana kallon Shugaba, alhali ta sani sarai shi ne.

Shugaba ya gyara tabarau, ya yi tari, ya ninke takardarsa ya soka a aljihu. Sai a lokacin dariya ta ɓarke, har da shi.

Ranar aka haƙa wurin. Saiwar ta kai kaurin damtse. Shugaba da kansa ya tuɓe riga ya riƙa kwashe laka da bokiti, baƙon na karɓa yana zubarwa. Da suka gama Shugaba ya kama hannun baƙon ya ce, "Ka yafe mana, maƙwabci." Wannan kam baƙon ya gane.

Mai Famfo bai zama mai surutu ba, har yau da kai yake amsa yawancin tambayoyi. Amma a taron wata na gaba, matar baƙon ta miƙe, tana haɗa kalmomi ɗaya-ɗaya, ta ce shekara biyu ke nan ba ta taɓa samun wuri a igiyar shanya ba, a kan taga take baza kayan yaranta. Matan gida suka dubi juna. Aka ɗan yi gardama, aka bar mata Talata da Juma'a.