Gayyar da Baffa Ya Kira Mini

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da Baffana ya taimake ni ba. Lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina karatun tono kayan tarihi, kuma aikin kammala karatuna kacokan ya rataya ne a kan wani gefe na gonarsa a ƙauyenmu, arewa da Kano. Tsofaffi sun ce a nan leburorin da suka shimfiɗa layin dogo suka yi zango na 'yan watanni a zamanin Turawa.

Mako uku na yi ina rarrafe cikin rana. Duwatsun murhu, tsingaron tukwane, fasassun kwalabe, ƙusoshi masu tsatsa, kowanne na kafa masa ɗan turke a inda na same shi, na ja zare. A aikinmu, inda abu yake kwance shi ne labarin. Daga jerin duwatsun nan har na fara gane inda bukkoki suka tsaya da inda ake girki. Awo da zanen taswira kawai suka rage, ina jiran malamina ya zo da na'urarsa ta awo.

Baffa yakan tsaya da fartanya a kafaɗa yana kallona. "Kai ɗan nan, tsintar tsingaro ce har mako uku? Ga damina ta ƙarato!" Ni kuwa da girman kan ɗan boko sai in ce, "Baffa, ba za ka gane ba."

Na tafi Kano ɗauko malamin. Kwana biyu kacal! Muna isowa na hango wurin fes, kamar filin idi. Ashe gayya Baffa ya kira, har da dama fura. An tsince komai an tara a gindin ɗorawa, kwalabe daban, ƙarafa daban. Matan gida sun wanke tsingaron da sabulu. Duwatsun an jera su a iyakar gona, turakuna kuwa an ɗaure su dami guda.

"Malam, sannu da hanya," in ji Baffa, bakinsa har kunne. "Mun ga yaron yana fama shi kaɗai kamar marar dangi. Ga kayanku nan, ko ɗaya bai ɓace ba."

Don takaici, na rasa wanda zan yi wa faɗa. Malamin ya cire tabarau ya goge, ya dube ni. "Ka taɓa gaya masa amfanin turakun?" Na sunkuyar da kai.

Shekara guda cur na ƙara a jami'a. Har gobe Baffa yana tuna mini cewa ba don gayyarsu ba da ina can ina rarrafe, ni kuma in haɗiye in ce masa na gode. Tun daga ranar ban sake ce wa mutum "ba za ka gane ba". Mai ƙaunarka in ba ka yi masa bayani ba, zai taimake ka ne da iyakar abin da ya gane.