Hotuna Bakwai na Malam

Mahaifinmu bai yarda da hoto ba. Malamin zaure ne a cikin garin Daura, kuma kowa a unguwa ya san da zarar an ɗaga waya a wurin ɗaurin aure zai ja rawani ya kare fuska. Ko katin zaɓe bai yi ba saboda hoto. Da Allah ya tashi jarraba shi, sai ya ba shi ni. Ina koyarwa a firamare, Asabar da Lahadi kuma in rataya kyamara in bi bukukuwa har Mashi da Dutsi. Bai taɓa hana ni ba, bai kuma taɓa ce mini yaya aiki ba.

Yayata, wadda nake bi, tana aure can cikin Nijar, gaba da Damagaram. Shekara huɗu rabonta da gida. Da Malam ya yi wata doguwar jinya ya tashi, kullum sai ta kira tana kuka, wai ɓoye mata muke yi. Wata safiya bayan masu ɗaukar karatu sun watse, ya kira ni zaure ya ce, "Kai, ɗauko abin nan naka. Ka ɗauka ka aika wa yarinyar nan, ta ga da sauran kwanana."

Na ɗauko kyamarar. Sau bakwai na danna, yana zaune a kan buzunsa, hasken ƙofa na dukan gefen fuskarsa. A na bakwai ya ɗaga hannu ya ce ya isa.

Na koma ɗaki na soka memorin kyamarar a kwamfuta, na buɗe manhajar da nake tara hotuna a ciki. An ɗauke wuta, batirin kuwa ba ya minti ashirin. Manhajar ta tambaye ni abu biyu, ko dai ta kwafo hotunan cikin kwamfuta, ko ta bar su inda suke ta rubuta sunansu kawai. Ni ban tsaya karantawa ba, na danna wanda na ga ya fi sauri. Sai ga su sun jeru ƙanana ƙanana, guda bakwai. Na ce alhamdulillahi, na rufe.

Ban aika wa Yaya ba. Girman kai ne, ba wani abu ba. Wai ni gwani, ba zan tura hoton Malam ta waya kamar ɗan koyo ba, sai na gyara haskensa, na kai Katsina an wanke babba an sa a firam. Sau uku tana tambaya, sau uku ina cewa gobe. Bayan wata biyu Malam ya rasu. Ita kuma tana jego, kwana shida da haihuwa, babu halin tafiya.

Inna ta shiga takaba. Tana da 'yar rediyo mai cin memori, nata ya lalace, ta ce tana son karatun Alƙur'ani ya riƙa tashi a ɗakin. Ni da hannuna na zare na kyamarar, irin ƙaramin nan ne na waya, na kai shagon masu tura karatu da ke bakin tasha. Mai shagon ya duba ya ce, "Akwai kaya a ciki fa, in goge?" Na ce, "Goge, na kwashe. Ka cika mata shi maƙil." Ya kuwa cika, izu sittin da tafsiri a kai. Har godiya na yi masa.

Ana saura kwana tara sadakar arba'in Yaya ta kira ta ce tana tafe, in taimaka in wanke mata hoton. Na buɗe kwamfuta. Ga hotunan nan a jere, amma kowanne da wata 'yar alama a kusurwarsa. Na danna na farko, sai manhajar ta ce ba ta ga fayil ɗin ba, in nuna mata inda yake. Haba! Ni zan nuna miki? Ba ke na ba ajiya ba?

Na bi folda folda. Na leƙa kwandon sharar kwamfutar. Na rubuta lambar hoton na sa kwamfutar ta nemo, ta yi ta juyi, ta ce babu. Na kashe na kunna, na sake kashewa. Na duba filas ɗina biyu na ajiyar fayil da tsohuwar wayata, alhali na san ban taɓa sa su a can ba. Daga ƙarshe na lura manhajar ta rubuta inda ta san hoton yake, can ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Sunan memorin ne. Innalillahi.

Na shiga ɗakin Inna, karatu na tashi, tana jan carbi. Na ce ta ara mini memorin zan duba wani abu. Ta ce, "Kada ka daɗe, shi ke ɗebe mini kewa." Na soka, na nuna wa manhajar, ta duba ta ce babu hoto a nan. Surori ne kawai, tun daga Baƙara har ƙasa.

Washegari na hau mota zuwa Katsina wurin wani mai gyaran kwamfuta da ake yabo. Ya saurare ni har na gama, ya girgiza kai ya ce, "Malam, kallon kitse ka yi wa rogo. Waɗannan da kake gani samfuri ne kawai, na nuni. Da gogewa kaɗai aka yi da sauƙi, amma an zuba wani abu a kai." Na ce ya dai gwada. Awa uku injinsa na tono. Abin da ya fito da shi hoto uku ne na wata amarya a Mashi, rabin kowanne toka-toka. Wallahi na ji kamar in rotsa kwamfutar da ƙasa, amma me ta yi mini? Ta tambaye ni, mai shago ma ya tambaye ni. Na mayar wa Inna memorinta ban faɗa mata abin da ya faru ba.

Yaya ta iso ta iyakar Kongolam ana gobe sadaka, da jaririya a baya. Bayan an yi koke-koke an ci abinci, ta ja ni gefe ta ce, "Ina hoton?" Na kai ta ɗaki na buɗe mata. Kowane ɗaya bai wuce girman farcen babban yatsa ba. Ta matso da fuska har tana neman taɓa gilashin. Ta ce in ƙara girmansa. Na ƙara, sai ya tarwatse, farin rawani da duhun zaure da wani dishi-dishi a tsakani. Na faɗa mata komai, ban rage ba. Na so ta zage ni, ba ta zage ni ba.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To faɗa mini da baki. Gemun nasa ya gama yin fari? Ya rame a fuska?"

Mu ba mu tashi da kallon fuskar uba ba. In yana magana kanka na ƙasa, haka aka koya mana, haka na yi shekara talatin da biyar. Na san ƙafafunsa, na san kaushin dugadugansa da bakin rigarsa, na san muryarsa ko daga bayan katanga. Sau ɗaya na kalle shi ido da ido, ta cikin kyamara, a lokacin ma hankalina na kan haske.

Na ce, "Yaya, ban sani ba."

Ta gyara goyonta, ta ce in bar mata kwamfutar a kunne.