Takalmi a Bakin Tsohuwar Rijiya

Ana sallame sallar asuba muka bar Maraɗi, ni da kawuna injiniyan kuran, wato wutar lantarki, da direba. Ni ɗan rakiya ne kawai, an ɗora mini wani akwati a cinya aka ce ko kaina zai fashe kada in bari ya bugu. Bayan Tibiri muka tsaya shan fura. Ludayi ya ƙanƙance, kuɗi ya hau, na yi mita, mai furar ta ce in je kasuwa in yi wa gero faɗa. A shingen hanya wani jandarma ya buɗe akwatin, ya ga farar kwalba a kwance cikin soso, ya rufe ya miƙo mini.

Da muka sauka daga gudron, wato kwalta, muka shiga rairayi wajen Cadakori, kawu ya faɗa mini aikin. Foraj ɗin wani ƙauye, wato rijiyar burtsatse, ya toshe daga ƙasa, ruwa ya ɗauke. Injin kawu yana tara kuran daga batir cikin wani ƙaton naɗin waya. Ita kuma kwalbar, an zuƙe komai na cikinta, shi ya sa take yanke kuran farat ɗaya ba wuta ba hayaƙi. Ƙarfin da ya rasa hanya sai ya faɗa rami ya doki toshiyar. "Amma ka sani," in ji shi, "in naɗin ya cika ba ya jira. Dole ya sauke a wani wuri."

Rana na tsaka muka isa. Wallahi garin ya ba ni tsoro. Ba daka, ba kukan akuya, ƙofofi an danne su da ƙaya. Maigari ya ce rabin mutane sun tashi saboda ƙishi, sauran kuma tun jiya sanƙira ya zaga ya ce kowa ya nisanci foraj. Taku kaɗan daga wurin akwai tsohuwar rijiya mai zurfi, wadda kawu ya ce girgizar na iya rufta ta.

Aka haɗa wayoyi. Direba ya cika duro da ruwan gishirin da muka taho da shi, wai nan ake zubar da ƙarfin in an fasa bugun. Dattawa suka ja baya ƙarƙashin gawo. Kawu ya kunna, ya fara ƙirga da ƙarfi. Naɗin ya kama wani gurnani can ƙasa-ƙasa, har a haƙorana nake jin sa. Makullan aljihuna suka motsa da kansu. Na ga wata ƙusa a cikin rairayi ta miƙe tsaye. Gashin jikina ya tashi, na kawar da kai don kada in ƙara gani.

A nan idona ya faɗa kan bakin tsohuwar rijiyar. Takalmin roba ne ƙafa biyu, a jere, da hula a kai. Kakana mahaƙin rijiya ne, haka yake ajiye nasa kafin ya sauka. Igiyar da na ɗauka ta guga ce kuwa, ga ta a miƙe, tana rawa kaɗan.

"Kawu! Akwai mutum a ciki!"

Bai tambaye ni komai ba. Ya bar maɓallin bugu, ya fizgi hannun ƙarfen da ke karkatar da ƙarfin zuwa duro. Kwalbar ta ce ƙas, shi ke nan ƙararta. Duron ya yi tsalle, ruwan ya tafasa, tururi ya turnuƙe mu. Sai shiru.

Mu shida muka ja igiyar. Wani tsoho ya fito, jiki duk laka, da rabin bokitin jan ruwa ɗaure a ƙugunsa. Ya kalle mu yana murmushi, yana mamakin taron. Maigari ya dafe kai yana salati. Ashe tsohon kurma ne. Kullum yake sauka ya yashe rairayi don tsohuwar matarsa ta samu na sha, kuma sanƙira da baki ya yi shela. Kawu ya zauna a ƙasa, ya kasa buɗe gorar ruwa.

Sai bayan la'asar batiran suka sake cika da hasken rana. Wannan karon tsohon na zaune kusa da ni, na riƙe gefen rigarsa. Aka buga sau uku, foraj ya yi tari, ya tofar da laka, ruwa ya biyo. Rijiyar kuwa, a bugun farko gefenta ya zube ciki. Tsohon ya leƙa, ya daɗe yana kallo, sannan ya sa takalminsa.

Mun shigo Maraɗi cikin dare. Abin da tafiyar ta koya mini ɗan kaɗan ne: shela ba ta isa kunnen kowa, sai an taka an duba. A ƙofar gida na tarar da takalmin 'yata a jere. Na tsaya ina kiran sunanta, ban shiga ba sai da ta amsa.